Gyaɗa, Reluwe da Kuɗin Fito: Abin da Jihar Arewa Ta Tsaya a Kai Game da Cinikin Ƙasashen Waje

Jawabin da wani ma'aikacin Ofishin Watsa Labarai ya yi a taron hakimai da magatakardansu

  

Ranku ya daɗe, ni ɗanku ne, kuma da yawa daga cikin abin da zan faɗa ya auku tun ba a haifi mahaifina ba. Waɗansunku kuwa sun ga dalar gyaɗa da idonsu, waɗansu iyayensu ne suka riƙe littattafan da zan ambata. Saboda haka ina roƙon gafara tun da wuri, in na yi tuntuɓe a gyara mini.

An umurce ni in yi muku bayani a kan cinikin ƙasashen waje, watau yadda amfanin gonar talakawanku ke fita daga ƙasar nan, da wanda ke da iko a kan fitarsa. Na ga hanya mafi sauƙi ita ce in ɗauko labarin Gwamnatin Jihar Arewa ta dā, wadda ta yi mulki daga Kaduna tun 1954 har aka raba ta a 1967, in nuna abin da ta nema daga Gwamnatin Tarayya, da abin da ta samu, da inda ta yi kuskure. Sa'an nan mu dubi riɗi da soɓorodo da wake na zamanin nan, mu ga abin da ya rage a hannunmu.

Wa Ke Riƙe da Ƙofa

Da farko ya kamata a san yadda aka raba iko. Bisa ga Tsarin Mulki na 1999, kuɗin fito na kayan da ke shiga da na masu fita, da ciniki tsakanin Nijeriya da sauran ƙasashe, da tashoshin jiragen ruwa, da darajar kuɗin ƙasa, duk suna hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Gwamnan jiha ba shi da ikon buɗe iyaka ko rufe ta, ba shi kuma da ikon ya ce a hana fitar da kaya kaza. Amma gona tana cikin jiha, manomi talakan hakimi ne, kasuwar ƙauye tana ƙarƙashin idon dagaci. Watau ƙofa tana hannun wani, kaya suna hannun wani. Wannan rabon ba sabo ba ne. Kusan haka ya ke tun 1954, kuma daga nan dukan gardamar ta samo asali.

Yadda Gyaɗa Ta Kama Hanyar Teku

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa ta ne da fatan auduga, domin masaƙun Ingila. Amma da fatake na Kano suka auna kuɗin da kamfanoni ke bayarwa, sai suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma manomi yana iya cinta in kasuwa ta ƙi. Suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna cewa a shuka gyaɗa. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Daga baya aka kai reluwe Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, noman ya ƙara yaɗuwa gabas da yamma. Cikin attajiran da suka yi suna a wannan ciniki babu kamar Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnatin Ingila ta karɓi sayen amfanin gonar Afirka ta Yamma a hannunta. Bayan yaƙi ba a mayar wa kamfanoni ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa da ta auduga, ko wace ɗaya tana aiki a ƙasa baki ɗaya. Ita hukuma ke yanka kuɗin tan ɗaya kafin a buɗe ciniki, ita kaɗai kuma ke da izinin sayarwa a ƙetare.

Ga wani abin lura game da dalar gyaɗa. Mu 'yan baya muna kallon hotonta muna alfahari, kuma ta cancanci alfahari, gama gumin manoma ce. Amma dalilin da ya sa ta yi tsawo haka a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 shi ne reluwe ba ta da isassun kawunan jirgi da taragu. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne. Sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara a fili ƙarƙashin tampol, rana na dukanta, ƙwari na ci. Ko wane buhun da ya kwana shekara a Kano, kuɗi ne da bai shiga Baitulmali ba.

Abu Huɗu da Arewa Ta Tsaya a Kai

Na farko shi ne hanyar teku. Jihar Arewa ita ce mafi girma cikin jihohi uku, amma ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Kusan duk tan ɗin gyaɗa da na auduga da na fatu sai ya ratsa Jihar Yamma zuwa Ikko, ko Jihar Gabas zuwa Fatakwal. A watan Maris na 1953 aka yi saɓani a majalisar Ikko a kan shawarar da Anthony Enahoro ya kawo ta neman mulkin kai a 1956. A watan Mayu na wannan shekara Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Arewa suka amince da ƙudurori takwas. Cikinsu an nemi ko wace jiha ta riƙe harkokinta, a bar wa hukumar tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan, a kuma shirya aikin kwastan yadda za a ware kayan ko wace jiha a san kuɗin fitonta dabam. An nemi reluwe da tashoshin jiragen ruwa su zama a hannun hukumomi na kowa da kowa. A taron Landan na 1953 wakilan Arewa suka goyi bayan a cire Ikko daga Jihar Yamma ta zama ƙasar Tarayya, domin kada ƙofar da kowa ke bi ta zama mallakar jiha ɗaya. Haka kuwa aka yi a tsarin mulkin da ya fara aiki ran 1 ga Oktoba, 1954, lokacin da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya zama Firimiya.

Maganar hanya ba ta tsaya nan ba. Borno da Bauci suna noma, amma kuɗin mota zuwa tashar jirgi yana cinye ribar. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28 domin reluwe, aka soma shimfiɗa sabuwar hanya daga Kuru kusa da Jos. Ta isa Bauci a 1961, ta bi ta Gombe, ta isa Maiduguri a 1964, tsawon mil 400 ke nan. A lokacin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ne Firayim Minista, shi kuwa ya riƙe ma'aikatar sufuri ta Tarayya kafin nan.

Na biyu shi ne kuɗin fito ya koma inda aka noma kaya. Gwamnatin tsakiya ita ke karɓar kuɗin fito a bakin teku, to, na wane ne? Rahoton Sir Louis Chick na 1953 ya ce a mayar wa ko wace jiha rabin kuɗin fiton kayan da ta fitar. Rahoton Raisman na 1958 ya ƙara gaba, ya ce a mayar mata da shi duka. Ya kuma kafa wani asusu na tarayya wanda a ke rabawa, Arewa tana samun kashi 40 cikin 100. Saboda haka Ministan Kuɗi na Arewa, Makaman Bida Alhaji Aliyu, in zai tsara kasafin shekara, sai ya fara tambayar yadda damina ta yi da gyaɗa. Albashin malamin makaranta a Gumel, da maganin asibiti a Azare, duk suna rataye da nauyin buhunan da suka sauka Apapa.

Na uku shi ne a sarrafa kaya a gida. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, da kuɗin hukumomin Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Audugar Funtuwa da Gusau ta samu mai saye a gida. Amma sabuwar masaƙa ba ta iya gasa da yadin Japan da na Indiya sai an ɗora wa na waje kuɗin fito mai nauyi, wannan kuwa aikin Tarayya ne. Haka masu matsar man gyaɗa a Kano, su ma kullum suna jiran abin da za a yanka a sama. Jiha ta iya gina masana'anta, amma numfashinta yana hannun mai tsaron ƙofa.

Na huɗu shi ne kyawun kaya, kuma shi kaɗai ne cikin huɗun ba a roƙi kowa ba. Dā mata kan daka gyaɗa a turmi don a ɓare ta, sai tsabar ta farfashe. Fasasshiyar gyaɗa kuwa tana saurin lalacewa, manta yana yin tsami, masu saye a Turai suna rage mata kuɗi. A tsakiyar shekarun 1950 hukuma ta sa ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da yawancin tsabarta ba ta fashe ba, aka kuma yaɗa ƙaramin injin ɓara na hannu wanda maƙera suka koyi ƙerawa. Cikin 'yan shekaru kusan dukan gyaɗar da a ke saye ta koma mai daraja ta ɗaya. Wa ya yi wannan aiki? Malamin gona ya nuna, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya tara masu unguwa, mai shela ya zaga kasuwa, malamin duba amfanin gona ya ƙi buga hatimi a kan buhun da ke da tsakuwa. Da wannan Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da gyaɗa a duniya a shekarun 1960, har a kakar 1966 zuwa 1967 hukuma ta sayi fiye da tan miliyan 1.

Ranku ya daɗe, a nan ne maganata ta ke. Abin da ya ba wakilan Arewa bakin magana a Ikko da Landan shi ne suna da kaya masu kyau, suna kuma da lissafi. In sun ce lardi kaza yana bukatar reluwe, suna iya faɗin yawan tan ɗin da ya noma. Wannan lissafi kuwa daga littattafan gunduma ya fito, waɗanda magatakarda irinku suka rubuta da fitilar ƙwai.

Hukumar Ciniki: Riba da Hasara

Ba zai zama adalci ba in faɗi alheri in ɓoye aibi. A 1954 aka rushe hukumomin ciniki na ƙasa, ko wace jiha ta kafa tata. Hukumar Jihar Arewa, mai hedkwata a Kano, ta gaji fiye da fam miliyan 30 daga ajiyar tsofaffin hukumomi. Yadda ta ke aiki shi ne, kafin kaka ta sanar da kuɗin tan. Wakilai masu lasin, watau manyan kamfanoni da attajiran gida, su ba yaransu kuɗi su saya a tashoshin awo. A duba, a buga hatimi, a ɗora a jirgi, a sayar a Landan. Abin da ya rage tsakanin kuɗin da aka ba manomi da kuɗin da aka samu a Turai, bayan an fitar da ɗawainiya, sai a ajiye.

Hujjar da aka bayar tun farko ita ce a tara a shekarar tsada domin a tallafa wa manomi a shekarar araha. Amma sannu a hankali ajiyar ta zama Baitulmali na biyu. Da ita aka yi hanyoyi da masana'antu da waɗansu ayyuka masu amfani, babu musu. Sai dai wani masanin tattalin arziki, Gerald Helleiner, ya yi lissafi ya nuna cewa daga 1947 zuwa 1961, in an haɗa kuɗin fito da harajin sayarwa da ajiyar hukuma, an riƙe wa manomin gyaɗa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai samu. Watau in ya noma buhu huɗu, ɗaya ba nasa ba ne.

Manomi bai karanta wannan lissafi ba, amma ya ji shi a aljihunsa. Duk shekarar da kuɗin gyaɗa a Jamhuriyar Nijar ya fi na nan, sai jakuna da raƙuma su bi dare zuwa Magarya da Maraɗi. In na nan ya fi, sai ta Nijar ta gangaro. Babu ɗan doka ko ma'aikacin kwastan da ya taɓa hana wannan. Darasin a fili ya ke: farashin da aka yanka a ofis, in bai yi wa manomi ba, zai nemi wata kasuwa ko ya shuka wani abu.

Yadda Al'amari Ya Juya

A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta karɓi ikon yanka farashin amfanin gona. Man fetur ya zama shi ne babban abin da ƙasa ke fitarwa, ido ya kau daga gona. Fari ya auka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma cutar nan da darɓa ke yaɗawa, mai sa gyaɗa ta ƙanƙance ta ƙi 'ya'ya, ta cinye gonaki masu yawan gaske, manoma da dama suka koma gero da dawa da wake. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau. A 1977 aka maye gurbin hukumomin jihohi da na ƙasa, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa. A 1986 aka rushe su duka, aka bar ciniki ga 'yan kasuwa. Masaƙar Kaduna da na ambata ta rufe a 2002.

Rushewar hukuma ta 'yanta manomi ya sayar wa wanda ya ga dama, wannan alheri ne. Amma ta tafi da wani abu da ba a lura da shi ba sai daga baya, watau idon da ke duba kaya tun daga tashar awo ta ƙauye.

Halin da A Ke Ciki

Yanzu Arewa tana fitar da riɗi zuwa Japan da Sin da Turkiyya, da soɓorodo zuwa Meksiko, da citta, da ƙaro, da fatu. Mai shakka ya je kasuwar Dawanau ko ta Maigatari ya gani. Akwai hukumar Tarayya ta ƙarfafa fitar da kaya, wadda aka kafa a 1976, inda mai son fitarwa ke yin rajista. Akwai bankin shige da fice na Tarayya tun 1991, akwai kuma hukumar da ke ba da shaidar lafiyar amfanin gona kafin ya fita. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, domin a gama aikin kwastan a nan ba sai an je Ikko ba. An ƙaddamar da aikin reluwe daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. A 2023 kuma aka gyara Tsarin Mulki, jihohi suka samu ikon yin doka a kan reluwe, abin da Jihar Arewa ba ta taɓa samu ba. Duk da haka yawancin kayanmu har yanzu a mota su ke tafiya teku, suna tsayawa a shinge bayan shinge.

Ƙofar kuwa tana nan a hannun Tarayya. A watan Yuli na 2019 Nijeriya ta sa hannu a Yamai a kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta ƙasashen Afirka. A watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a soma buɗewa ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi can, aka buɗe ta ɓangarenmu a Maris 2024. Hakiman Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba sun fi ni sanin abin da wannan ya yi wa kasuwanninsu. A watan Agusta na 2025 aka ba da umurnin hana fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida, domin masu matsa a gida su samu. Niyyar ita ce dai niyyar masaƙar Kaduna, a sarrafa a gida, amma nan take kuɗin kaɗanya ya faɗi, matan da ke tsinta a daji su suka fara ji a jikinsu. Da akwai rubutaccen lissafin yawan matan nan da abin da su ke samu a ko wace gunduma, da wanda zai yi magana dominsu ya samu abin riƙewa.

Sa'an nan ga hasarar da mu muka jawo wa kanmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima, aka kuma yi ta ƙara wa'adin hanin. Meksiko ta taɓa dakatar da soɓorodonmu na waɗansu shekaru saboda wani ƙwaro da a ke kira kafra, shi ne kuwa irin ƙwaron da ya addabi dalar gyaɗa a Kano tun zamanin Turawa. Akwai kuma dafin funfuna, wanda aka gano bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Yana kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, yana cutar da hantar mutum, kuma ƙasashen waje suna gwada kaya dominsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai saye a ƙetare bai san sunan ƙauye ba, bai san sunan dillali ba, sunan ƙasa kaɗai ya sani.

Na ga wannan da idona a wata kasuwa lokacin rangadi. Wani mai saye ya soka hannu cikin buhun riɗi, ya ɗebo, ya watsa a faranti, sai ga yashi fari a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya juya ya gaya wa yaransa su rage kuɗin ko wane buhu da ya fito daga wannan yanki. Wani dattijo da ya kawo nasa tsab, ya sheƙe shi sau biyu, ya tsaya yana rantsuwa, amma ba a saurare shi ba. Laifin mutum ɗaya ya ci ribar gari guda.

Abin da A Ke Roƙonku

Allah ya ba ku nasara, ba ku karɓar haraji yanzu, ba ku da 'yan doka, amma maganarku tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi. Ga abin da a ke roƙo.

Na ɗaya, kafin kaka ku tara dagatai da sarakunan noma da sarakunan kasuwa, ku ja musu kunne a kan algus. Kada a zuba yashi ko tsakuwa cikin riɗi, kada a yayyafa wa soɓorodo ruwa don ya yi nauyi, kada a sa mai kyau a bakin buhu a ɓoye rubabbe a ƙasa.

Na biyu, shanya. A shanya a kan tampol ko tabarma ko daɓe mai tsabta, ba a ƙasa ba, ba kuma a gefen kwalta inda dabbobi ke bi ba. Kada a ɗure kaya a buhu sai sun bushe ƙayau.

Na uku, ajiya. A daina zuba fiya-fiya cikin wake da hatsi. Akwai buhu mai ninki uku wanda ke hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. A tambayi malamin gona. Wanda ya ci waken nan da farko ai ɗanku ne, tun kafin ya kai ga Bature.

Na huɗu, awo. Ku sa ido a kan mudu da sikeli. Manomin da aka cuta a awo shi ne gobe zai rama da yashi.

Na biyar naku ne, malamai magatakarda. Ko wace gunduma ta buɗe littafi. A rubuta abin da a ke nomawa na sayarwa a ko wane ƙauye, da kuɗin mudu da na buhu a ko wace ranar kasuwa, da yawan motocin da suka yi lodi, da kuɗin mota zuwa Kano, da wuraren da a ke tsayar da su a karɓi kuɗi, da gadar da ta karye da ranar da ta karye. In wata doka ta fito daga Abuja, a rubuta farashi kafin ta da bayanta. Kada a ƙara don a faranta wa wani, kada a rage don tsoron wani. A aika da kwafi ga Majalisar Sarki ko wane wata, ita kuma ta miƙa gaba.

Wani zai ce mene ne amfanin littafin gunduma ga maganar da a ke yankewa a Abuja. Amsa ita ce, gwamnoni suna zama da Mataimakin Shugaban Ƙasa a majalisar tattalin arziki ta ƙasa, kwamishinonin ciniki suna zama da minista, 'yan majalisa suna da bakin magana. Wanda ya je irin wannan zama da kuka kawai, za a ba shi haƙuri. Wanda ya je da lissafi, ya ce gunduma kaza ta yi asarar kaza cikin wata kaza, dole a amsa masa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, amma sai ya nuna wurin kafin a kawo masa ciyawar yaɓi.

Iyayenmu na dā ba su da teku, mu ma ba mu da shi. Sun samu reluwen Borno da kuɗin fitonsu ne domin gyaɗarsu ta yi kyau, littattafansu kuma sun cika. Inda suka yi kuskure, watau riƙe wa manomi abin da ya fi ƙima, ya kamata mu tuna da shi duk sa'ad da aka kawo shawarar sabon haraji a kasuwa ko sabon shinge a hanya.

Riɗin bana yana gona. Nan da 'yan makonni za a yanke shi a jingine, masu saye kuma za su zo da farantansu. Ina roƙo a yi taron dagatai kafin lokacin, a kuma buɗe littafin tun ranar kasuwa ta farko.